Gida Ɗaya, Fasfo Biyu: Ƙa'idojin Ziyartar Wata Ƙasa ga Ma'auratan da Ƙasashensu Suka Bambanta

Da yawa daga cikin waɗanda suka auri 'yan wata ƙasa suna ɗauka cewa tun da an ɗaura aure, hukuma kuma ta ba da takardar shaida, to duk ƙofar da ta buɗe wa ɗayansu ta buɗe wa ɗayan ke nan. Hukumomin shige da fice ba haka suke kallon lamarin ba. Jami'in da ke zaune a kan iyaka fasfo yake dubawa, kuma kowane fasfo da nasa hukuncin, ko da masu su a gida ɗaya suke zaune shekara da shekaru. Miji yana iya wucewa ba tare da an yi masa tambaya ko ɗaya ba, a tsayar da matarsa a nemi biza da tikitin komawa da shaidar masauki da kuɗin guzuri. Haka nan matar tana iya wucewa a tsayar da mijin.

Ni da maiɗakina fasfonmu ba na ƙasa ɗaya ba ne, saboda haka duk lokacin da tafiya ta taso sai wannan batu ya dawo gabanmu. Abin da na tsaya a kansa shi ne, ana tsara tafiya ne bisa fasfon da ya fi ƙarancin gata, kuma nauyin sanin ƙa'idojin ya fi rataya a wuyan wanda fasfonsa ya fi gata. Wanda ya saba shiga ƙasashe babu biza bai san lokacin da neman ta yake ci ba. Yakan sayi tikiti, ya kama ɗaki a otal, ya sanar da dangi ranar isowa, sannan a tuna cewa abokin aurensa sai ya samu ranar ganawa a ofishin jakadanci, ranar da mai yiwuwa sai bayan watanni za a samu. Ba daidai ba ne a bar wanda dokar ta takura shi kaɗai da cike takardu da bin layi, alhali tafiyar ta mutum biyu ce.

Abin da ya fi ba mutane mamaki shi ne, ƙasar da ta fi wuyar shiga sau da yawa ita ce ƙasar abokin auren kansa. Hankali yana ba mutum cewa matar ɗan ƙasa ta fi kowane baƙo cancantar a bar ta ta shiga ta gaida surukanta, amma a ƙasashe da dama auren ne yake jawo zargi. Dokar shige da fice ta Amurka ta 1952, a sashe na 214(b), ta tanadi cewa duk wanda ya nemi bizar ziyara ana ɗaukarsa a matsayin mai niyyar zama dindindin har sai ya gamsar da jami'in ofishin jakadanci cewa zai koma inda ya fito. Mai neman bizar da mijinta Ba'amurke ne tana da dalilin zama a can wanda ya fi na kowa ƙarfi, kuma doka ta ba ta hanyar neman izinin zama ta hannunsa. Saboda haka tambayar da ke zuciyar jami'in ita ce: ziyara za ta je, ko kuwa tana so ta kauce wa dogon jiran bizar zama ne?

A Birtaniya ma zancen kusan ɗaya ne. Bizar baƙo tana ba da damar zama har wata 6, amma ba a yarda wanda ya shiga da ita ya sauya ta zuwa bizar abokin aure yana cikin ƙasar ba, sai ya fita ya nema daga waje. Ita kuwa bizar abokin aure tana da sharaɗi a kan yawan kuɗin da ake samu: daga 2012 ana neman fam 18,600 a shekara, a watan Afrilun 2024 aka ɗaga zuwa fam 29,000. Tun da sharaɗin zama ya yi tsauri haka, jami'ai suna sa ido a kan masu neman bizar ziyara da ke da miji ko mata ɗan ƙasar, don gudun kada a bi ta ƙaramar ƙofa a maƙale. Tun 2013 kuma aka soke cikakken haƙƙin ɗaukaka ƙara ga wanda aka hana bizar ziyarar dangi, don haka abin da ya rage wa yawancin mutane shi ne su sake nema, su sake biyan kuɗi.

Na fahimci abin da hukumomin suke gudu, domin akwai masu shiga da sunan ziyara su ƙi fita. Sai dai a ganina nauyin wannan zargi ya fi faɗawa a kan waɗanda ba su da laifi: ma'auratan da suka kafa rayuwarsu a wata ƙasa, suke da aiki da gida da yara a makaranta, abin da kawai suke so shi ne su kai jika wurin kakanninsa, ko su duba mara lafiya, ko su halarci jana'iza. Idan aka hana ɗaya biza, abin da ke faruwa shi ne ɗan ƙasar ya tafi shi kaɗai, ko kuma ya fasa zuwa ƙasarsa ta haihuwa gaba ɗaya. Doka ba ta hana shi shiga ba, amma ta sa shi zaɓi tsakanin iyayensa da iyalinsa, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Duk da haka, babbar ɓarnar da mutum zai yi wa kansa ita ce ya ɓoye auren. Akwai masu ba da shawarar a rubuta cewa ba a da aure, ko a ce ba a san kowa a ƙasar da za a je ba, wai don kada a jawo zargi. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. A dokar Amurka, wanda aka samu ya yi ƙarya da gangan a kan muhimmin bayani don samun biza yana iya rasa damar shiga ƙasar har abada. A Birtaniya yaudara a takardar nema tana jawo haramci na shekara 10. Hana biza saboda jami'i bai gamsu ba abu ne da ake iya gyarawa a nema na gaba, amma tabon ƙarya yana bin mutum har ranar da zai nemi izinin zama na gaskiya, ranar da takardar auren da ya musanta za ta zama ita ce hujjarsa.

Abin da ke gamsar da jami'i shi ne shaidar cewa rayuwar ma'auratan tana wani wuri, kuma a nan takardun ɗan ƙasar suna da nauyi kamar na mai nema. Idan shi ma yana aiki a ƙasar da suke zaune, a haɗa da wasiƙar wurin aikinsa da izinin zamansa. A haɗa da takardar hutu mai ɗauke da ranar komawa aiki, da shaidar haya ko mallakar gida, da ta makarantar yara. Bayanin asusun banki ya nuna yadda kuɗi ke shiga da fita a watannin baya, domin maƙudan kuɗin da suka faɗo cikin asusu kwatsam ana gab da nema tambaya suke jawowa. Idan miji ne zai ɗauki nauyin tafiyar, a faɗi haka a fili, a nuna nasa asusun.

Tarayyar Turai tana da wani tsari da ya kamata duk wanda ya auri ɗan ɗaya daga cikin ƙasashenta ya sani, domin mutane da yawa suna biyan kuɗin da doka ta ɗauke musu. Dokar tarayyar mai lamba 38 ta shekarar 2004 ta ba 'yan ƙasashen tarayyar 'yancin zirga-zirga tare da iyalinsu, ko daga wace ƙasa iyalin suka fito. Idan matar Bafaranshe 'yar wata ƙasa ce da ake neman biza daga mutanenta, kuma za ta raka shi Italiya ko Sifaniya, ko za ta same shi a can, ana ba ta biza kyauta, cikin gaggawa, ba tare da an nemi shaidar aiki ko ta kuɗi ko ta masauki ba. Abin da za ta nuna shi ne fasfonta, da takardar aure, da shaidar cewa mijin ɗan tarayyar ne kuma tare za su kasance. Idan kuwa tana da katin zama na iyalin ɗan tarayya wanda wata ƙasar tarayyar ta ba ta a ƙarƙashin wannan doka, ba ta buƙatar biza sam. Dokar ta kuma ce idan irin wannan mutum ya iso kan iyaka babu biza, kafin a mayar da shi sai an ba shi dama ya kawo takardu ko ya tabbatar da dangantakarsa ta wata hanya.

Sai dai wannan gata yana aiki ne idan ɗan tarayyar zai je wata ƙasa da ba tasa ba. Bafaranshen da ke zaune a wajen Turai, idan Faransa zai kai matarsa, dokar tarayyar ba ta rufe su ba, dokar Faransa ce za ta yi aiki. Haka Bajamushe idan Jamus zai nufa. Ke nan mutum ya fi samun kariyar doka wajen kai iyalinsa ƙasar maƙwabta fiye da tasa, abin da har yau nake ganin bai dace ba. Wasu sukan yi dabarar neman biza a ofishin wata ƙasa alhali ƙasar mijin za su, amma ƙa'idar ita ce a nema a ofishin ƙasar da za a fi daɗewa a cikinta, kuma saɓa wa wannan yana iya sa a soke bizar. Waɗanda suka auri 'yan Birtaniya kuwa, wannan gata ya ƙare musu a ƙarshen 2020, bayan ficewar ƙasar daga tarayyar.

Wanda wannan doka ba ta shafe shi ba, ƙa'idojin kowa da kowa na yankin Shengen zai bi, wato rukunin ƙasashen Turai da biza ɗaya take shigar da baƙo dukkansu. Yankin yana da ƙasashe 29, kuma Ireland ba ta cikinsa duk da tana cikin tarayyar, don haka bizarta daban ce. Ana zama kwana 90 ne cikin kowane kwana 180. Fasfo ya zama an yi shi cikin shekara 10 da suka wuce, kuma yana da sauran wata 3 bayan ranar fita. Ana neman inshorar lafiya da ta kai Yuro 30,000, kuɗin biza ga babba kuma Yuro 90 ne tun watan Yunin 2024. Ana iya nema tun saura wata 6, amsa kan fito cikin kwana 15, amma tana iya kaiwa kwana 45. Wanda aka hana yana da haƙƙin ɗaukaka ƙara.

Akwai ƙasashen da suka ɗauki aure a matsayin dalilin sassauci. A Filifin, miji ko mata da 'ya'yan ɗan ƙasar suna iya samun izinin zama na shekara 1 a kan iyaka, muddin tare suka shigo da shi, suka nuna takardar aure ko ta haihuwa, kuma ƙasarsu tana cikin waɗanda aka ɗauke wa biza. Indiya tana ba abokin auren ɗan ƙasarta katin da ke ba shi damar shiga da fita ba tare da neman biza kowane lokaci ba, bayan auren da aka yi wa rajista ya cika shekara 2. Ƙasar Sin tana da biza ta musamman ga masu ziyartar danginsu 'yan ƙasar, wadda zamanta kan kai kwana 180. A Afirka ta Yamma kuma yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba 'yan ƙasashen ƙungiyar damar shiga ƙasashen juna har kwana 90 babu biza, amma wannan haƙƙi na mai fasfon ne shi kaɗai, ba ya ratsawa zuwa ga matarsa idan daga wajen yankin take.

Duk waɗannan sassauci a kan takarda ɗaya suka dogara, wato shaidar aure, kuma a nan ne da yawa suke tuntuɓe. Auren da aka ɗaura bisa addini ingantacce ne a wurin ma'auratan da danginsu, amma ofishin jakadanci abin da yake nema shi ne shaidar da hukumar ƙasa ta bayar ko ta tabbatar. Ita ma wannan shaida ba lalle ne a karɓe ta yadda take ba. Yarjejeniyar birnin Hague ta 1961 ta samar da hatimi guda da ake kira afostil, wanda ƙasashe fiye da 120 suka amince da shi a tsakaninsu. Idan ƙasar da aka yi auren ba ta cikin yarjejeniyar, takardar takan bi doguwar hanya: ma'aikatar harkokin waje ta buga hatimi, sannan ofishin jakadancin ƙasar da za a je ya buga nasa. Idan kuma ba da harshen da suke karɓa aka rubuta ta ba, sai an kai wa tafintan da suka amince da shi. Wannan aiki ne da ya kamata a gama shi tun babu maganar tafiya, a ajiye.

A duba sunaye da kyau. Harafi ɗaya da ya bambanta tsakanin fasfo da takardar aure yana iya tsayar da nema, kuma sunan da ke kan tikiti dole ya zama wanda ke cikin fasfo, ko da matar ta koma amfani da sunan miji a wasu takardu. Mai mata fiye da ɗaya kuma ya sani cewa dokar Tarayyar Turai ta 2003 kan haɗa iyali ba ta yarda a ba mace ta biyu izinin zama ba idan ta farko tana tare da mijin a ƙasar. Ziyara daban ce, kowace mace za ta iya neman bizar baƙo da kanta, amma kada a dogara da cewa za a yi wa dukkansu sassaucin da ake yi wa matar ɗan ƙasa.

Yada zango ma yana da nasa tarkon. Tikitin da ya fi araha yakan bi ta ƙasa ta uku, kuma wasu fasfuna suna buƙatar biza ko da mutum ba zai fita daga filin jirgi ba. A yankin Shengen akwai jerin ƙasashen da ake neman irin wannan biza daga 'yan ƙasarsu, ciki har da Nijeriya da Ghana da Habasha da Somaliya da Pakistan da Bangaladesh, sai dai an ɗauke wa masu wasu takardu, kamar izinin zama a Amurka ko Kanada, da kuma iyalan 'yan tarayyar. Birtaniya tana da nata jerin. Amurka kuwa ba ta da tsarin wucewa ba tare da an shiga ƙasar ba, duk wanda jirginsa ya sauka sai ya bi ta gaban jami'in shige da fice. Kamfanin jirgi ne ke fara tantancewa, domin ana cin sa tara idan ya ɗauko fasinjan da takardunsa ba su cika ba, kuma ma'aikacinsa abin da kwamfuta ta nuna masa yake bi. Saboda haka wanda ya dogara da wani sassauci na doka ya riƙe kwafin ƙa'idar a hannu, tare da asalin takardar aure, kada ya sa su cikin jakar da za a loda.

Idan da yara, a duba fasfon kowane yaro shi kaɗai, domin yaro yana iya samun ƙasar uba ko ta uwa ko duka biyun. Dokar Amurka ta wajabta wa ɗan ƙasarta ya shiga kuma ya fita da fasfonta, ko da yana da wani, kuma wannan ya shafi jariri. Saboda matsalar ɗauke yara daga wata ƙasa zuwa wata bayan saɓani tsakanin iyaye, wadda aka yi yarjejeniyar Hague ta 1980 a kanta, jami'ai sukan yi tambaya idan suka ga yaro da mahaifi ɗaya, musamman idan sunayensu ko fasfunansu sun bambanta. Afirka ta Kudu ta taɓa wajabta cikakkiyar takardar haihuwa a 2015, daga baya ta sassauta wa yaran baƙi a 2019. Ko ba a wajabta ba, takardar haihuwa da wasiƙar amincewar mahaifin da bai zo ba suna da amfani, musamman idan ɗaya zai riga dawowa ya bar ɗayan da yaran.

Biza kanta izinin zuwa bakin ƙofa ce, hukuncin ƙarshe yana hannun jami'in kan iyaka. Inda aka yarda iyali su bi layi ɗaya, ya fi kyau ma'aurata su gabatar da kansu tare, kuma a yankin Shengen iyalin da dokar 2004 ta rufe suna da damar bin layin 'yan tarayya. Kowannensu ya san adireshin masauki da ranar komawa, domin amsoshi masu karo da juna sukan kai mutum ɗakin ƙarin tambayoyi. Bayan an wuce, a duba ranar da aka ba baƙon, kada a ɗauka daidai take da ranar ƙarewar biza. Ɗan ƙasa yana iya ƙara kwanaki yadda yake so idan wata lalura ta taso, abokin aurensa kuwa kwanakinsa a ƙidaye suke. A Amurka wanda ya zarce wa'adinsa da fiye da kwana 180 sannan ya fita, za a hana shi dawowa na shekara 3, idan zarcewar ta kai shekara guda kuwa, shekara 10 ne. Idan lalurar ta gaske ce, a nemi ƙarin wa'adi tun kwanakin ba su ƙare ba.

Sai kuma batun dawowa, wanda ake yawan mantawa da shi saboda hankali ya tafi ga zuwa. A ƙasar da ma'auratan suke zaune, aƙalla ɗayansu baƙo ne, wani lokaci ma dukansu, kuma da izinin zama zai sake shiga. Idan katin zai ƙare ana cikin tafiya, ko an miƙa shi don sabuntawa ba a karɓo ba, kamfanin jirgi yana iya ƙin ɗaukarsa a hanyar dawowa, kuma rasidin sabuntawa ba ko'ina ake karɓarsa ba. Doguwar tafiya ma tana iya kashe izinin: katin zama na dindindin na Amurka ba ya isa shiga bayan an yi fiye da shekara 1 a waje sai da izinin sake shiga da aka nema tun kafin fita, izinin zama na dindindin na Birtaniya kuma yakan faɗi bayan shekara 2 a jere a waje. Ofishin jakadancin ƙasar da za a ziyarta shi ma yakan nemi ganin wannan kati kafin ya karɓi takardun nema, domin yawancinsu a ƙasar da mutum yake zaune bisa doka suke yarda ya nemi biza, kuma sukan so wa'adin katin ya wuce ranar da aka ce za a dawo.